Yadda Ake Gina Kanel Mai Tona Asirin Kuskurensa

Ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu aiki da Windows suka durƙushe a sassan duniya cikin 'yan sa'o'i. Aka soke tashin dubban jirage, asibitoci suka koma takarda da biro, wasu gidajen talabijin suka ɗauke. Da aka bi diddigi, sai aka tarar wani direba ne, wato guntun manhaja, na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya je karanta bayani na 21 a inda 20 kawai aka tanadar masa. Ya ɗan zarce iyakarsa a memori, kuma da yake a cikin kanel yake aiki, sai ya tafi da kwamfutar gaba ɗaya.

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Shi ke raba memori, shi ke ba kowace manhaja lokacinta a kan farosesa, shi ke magana da allo da kibod da katin netwok. Idan ƙaramar manhaja ta yi kuskure, kanel ne ke kashe ta ya share wurin, sauran aiki ya ci gaba. Idan shi kanel ɗin ne ya yi kuskure, babu wani a samansa da zai kama shi. Sau da yawa ma ba ya faɗuwa nan take: ya ɓata wani bayani yanzu, ya ci gaba da tafiya lafiya lau, sai bayan awa uku ya faɗi a wurin da ba shi da laifin komai.

Kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, shi ne a cikin kowace wayar Android, daga Samsung har Tecno da Infinix, kuma shi ke riƙe da yawancin sabobin intanet. Da yake kod ɗinsa a buɗe yake, duk mai son gina shi da hannunsa yana iya zaɓar ya kunna masa kayan bincike da aka dasa a cikinsa. Kayan suna da yawa, kowanne tambaya guda yake amsawa, kuma kowanne da farashinsa, ko a gudu ko a memori. Gwanintar tana wajen sanin wanda za a kunna don wace irin cuta.

Wurin gwaji da fayil ɗin zaɓi

Kafin a taɓa komai, a ware wurin da kanel zai faɗi ba tare da ya ci aikin kowa ba. Mafi sauƙi shi ne QEMU, manhajar da Fabrice Bellard ya fara a 2003, wadda ke ƙirƙirar kwamfuta ta gwaji a cikin kwamfuta. Kanel ya faɗi sau ɗari a cikinta, a rufe a sake buɗewa. Sai idan ana aikin direban wata na'ura ta zahiri ne ake buƙatar kwamfuta ta biyu ko ƙaramin allon gwaji.

Duk zaɓin ginin yana zaune a fayil guda mai suna .config. Ana gyara shi da umarnin make menuconfig, kuma kayan bincike suna ƙarƙashin sashen da aka rubuta wa Kernel hacking. Ƙofar shiga ita ce CONFIG_DEBUG_KERNEL, domin da yawa daga cikin sauran ba za su ma bayyana ba sai an kunna ta. Wanda ya san sunan abin da yake nema ya danna alamar / ya rubuta, menu zai nuna masa inda yake da abubuwan da ya dogara a kansu. Wanda kuma ba ya son yawo a menu yana iya amfani da scripts/config --enable, sannan ya bi da make olddefconfig.

A nan akwai tarkon da ke kama sababbi da tsofaffin hannu. Idan an kunna wani zaɓi alhali abin da ya dogara a kai a kashe yake, olddefconfig zai cire shi shiru, ko tari ba zai yi ba. Mutum ya kwana yana gwaji yana murna babu rahoton kuskure, ashe mai gadin ma bai zo aiki ba. Don haka bayan kowane gyara a duba .config da grep a tabbatar sunan yana nan da y a gabansa. Yana da kyau kuma a kunna CONFIG_IKCONFIG_PROC, wanda ke sa kanel ya riƙe kwafin zaɓinsa a /proc/config.gz, don kada a yi gardama daga baya kan abin da aka gina da shi.

Mai ƙaramar laftof, ko wanda ke lissafin cajin batir kafin a ɗauke wuta, ya fara da make localmodconfig. Wannan yana duba direbobin da kwamfutar ke amfani da su a lokacin ya zubar da sauran dubban, sai ginin ya ragu ƙwarai. Masu kula da kanel sun kuma tanadi wani tarin zaɓi da ake haɗawa da make debug.config, wanda ya isa mafari mai kyau.

A fara ba shi baki

Babu amfanin kowane kayan bincike idan kanel ya mutu bai bar wasiyya ba. Abu na farko ke nan: ya iya magana, kuma maganar ta isa inda za a karanta.

CONFIG_KALLSYMS ke sa ya ambaci sunayen fankshin a maimakon dogayen lambobi. Bayanan DWARF, waɗanda CONFIG_DEBUG_INFO ke kawowa, su ke haɗa kowane adireshi da fayil da layin kod. A sababbin kanel ba a kunna shi kai tsaye, sai dai a zaɓi nau'i, kamar CONFIG_DEBUG_INFO_DWARF5. Zai kumbura vmlinux, fayil ɗin kanel da aka gina, da ɗaruruwan megabayit kuma ya ja lokacin gini, amma ba ya rage gudun kanel ko kaɗan, domin bayanan a faifai suke zama, ba a loda su. Wannan zaɓi ne da bai kamata a taɓa yin rowarsa ba.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce sabon direba ya faɗi, allo ya nuna:

BUG: kernel NULL pointer dereference, address: 0000000000000008
RIP: 0010:karanta_na_ura+0x1a/0x80

Layin farko ya riga ya faɗi abubuwa biyu. An bi manuni wanda babu komai a cikinsa, kuma lambar 8 ɗin nan tana nuna ba farkon tsarin bayanin aka nema ba, wani gurbi ne da ke bayit 8 daga farkonsa. Layi na biyu ya ce abin ya faru a cikin karanta_na_ura, bayit 0x1a daga farkonta, kuma tsawonta duka 0x80 ne. A ɗauki wannan a ba scripts/faddr2line tare da vmlinux, ko fayil ɗin .ko idan direban daban aka gina shi, sai ya fito da ainihin layin. Idan rahoton duka ake son fassarawa, da jerin fankshin da suka kira juna har aka iso nan, scripts/decode_stacktrace.sh ke yin wannan. Sharaɗi guda: vmlinux ɗin ya zama na ginin da ya faɗi, ba wanda aka sake harhaɗawa bayan an taɓa kod ba.

Muryar kanel ita ce printk, mai matakai takwas daga 0, na gaggawa, zuwa 7, na bincike, kuma da dmesg ake karanta ta. CONFIG_PRINTK_TIME na sa wa kowane layi lokaci. Wanda ya fi su daɗin aiki shi ne CONFIG_DYNAMIC_DEBUG. Akwai dubban saƙonnin bincike da marubuta direbobi suka bari a kod a kashe. Da wannan zaɓi, ana iya kunna na fayil guda ko na fankshin guda yayin da kanel ke aiki, ta hanyar rubuta umarni a fayil ɗin dynamic_debug/control, ba tare da sake gini ba.

Sai batun inda saƙon zai sauka. Kanel da ya sandare ba zai rubuta komai a faifai ba, kuma allo yakan nuna wutsiyar rahoto ne kawai alhali kan shi ne mai amfani. Tsohuwar hanya, wadda har yau babu kamarta, ita ce wayar siriyal: a sa console=ttyS0,115200 a layin tashi, wata kwamfutar ta riƙa karɓa. A QEMU wannan kyauta ne. Idan kanel na mutuwa tun kafin ya kunna direban siriyal, earlycon ko earlyprintk ke ba shi baki da wuri. Inda babu tashar siriyal, netconsole na tura saƙonni ta netwok zuwa wata kwamfuta, a tasha ta 6666 idan ba a canja ba. A waya da ƙananan na'urori kuwa ana amfani da ramoops, wanda ke ware wani ɗan yanki na RAM da ba a gogewa idan na'ura ta sake tashi, sai a karanta a /sys/fs/pstore. Amma idan aka zare wuta gaba ɗaya, shi ke nan ya tafi.

Ɓarnar memori

Mafi yawan kuskure masu haɗari a kanel a nan suke, domin da harshen C aka rubuta kusan dukkansa, kuma C ba ya hana kowa taɓa abin da ba nasa ba. Iri uku ne suka fi yawa: zarce iyakar wurin da aka ba ka, amfani da wuri bayan an mayar da shi, da mantawa a mayar.

Mafi arha shi ne binciken da ke cikin SLUB, mai rabon ƙananan yankunan memori. Yawancin kanel suna da CONFIG_SLUB_DEBUG a gine, sai dai a kunna shi da slub_debug=FZPU a layin tashi. Daga nan duk yankin da aka mayar sai a cika shi da 0x6b, a kuma sa shinge a gefunansa. Shi ya sa wanda ya daɗe a wannan aiki, da ya hango 6b6b6b6b6b6b6b6b a rahoton faɗuwa, ba ya buƙatar a yi masa bayani: wani ya karanta manuni daga wurin da aka riga aka mayar. Haka adireshin da ya fara da dead ya ƙare da 100 ko 122, alama ce ta an bi wani abu da aka riga aka cire daga jeri. Raunin wannan hanya shi ne takan gano ɓarna bayan mai ɓarnar ya wuce.

KASAN ne ya sauya wannan. Ya shiga Linux 4.0 a 2015 ta hannun Andrey Ryabinin, bisa dabarar AddressSanitizer da injiniyoyin Google suka ƙirƙira. Yana ware kashi ɗaya cikin takwas na memori ya mai da shi rajista: kowane bayit guda a rajistar yana faɗin halin bayit takwas na ainihi, ko halal ne a taɓa su ko a'a. Sannan masu harhaɗa kod, GCC ko Clang, su dasa ɗan bincike kafin kowane karatu da kowane rubutu. Da an taɓa haramtaccen wuri, nan take rahoto zai fito.

Rahoton kuwa abin sha'awa ne. Kansa zai ce, misali, slab-use-after-free a fankshin kaza, karatu ne na bayit 8, kuma aiki kaza ne ya yi. Ƙasa da haka sai jeri uku: hanyar da aka bi aka zo wurin laifin, hanyar da aka bi lokacin da aka karɓi yankin a ƙarƙashin Allocated by task, da hanyar da aka bi aka mayar da shi a ƙarƙashin Freed by task. Wanda ya karɓa, wanda ya mayar, da wanda ya dawo ya taɓa, duk a shafi guda. Binciken da a da yakan ci mako, yanzu sau da yawa karatun minti goma ne. Zarce iyaka irin wanda ya kayar da kwamfutocin Windows a 2024 yana cikin abubuwan da aka gina KASAN don kamawa.

Farashinsa ba kaɗan ba ne. Bayanin da ke cikin kanel ɗin kansa ya ce gudu na raguwa kamar sau uku, ban da memorin da ya ci. Ba a sa shi a sabar da jama'a ke amfani da ita. Amma duk mai rubuta direba da ya gwada aikinsa ba tare da KASAN ba, gaskiya bai gama gwaji ba. Manhajar syzkaller ta Dmitry Vyukov, wadda ke jefa wa kanel umarni barkatai dare da rana, ta tono dubban kurakurai, kuma babban kaso daga cikinsu KASAN ne ya yi ihu.

Yana da 'yan'uwa. UBSAN na kama abubuwa irin su zarce iyakar jeri da tura lamba fiye da faɗinta, kuma ba shi da nauyi sosai. KCSAN, na Linux 5.8, na neman inda farosesa biyu suka taɓa bayani guda a lokaci guda ba tsari. KMSAN, na 6.1, na kama amfani da memorin da ba a taɓa rubuta komai a ciki ba, kuma da Clang kawai ake gina shi. KASAN da KCSAN da KMSAN ba sa zama a kanel guda, don haka sai a yi gini daban-daban, kowanne a foldarsa, da make O=.

Yoyon memori kuma na kmemleak ne, wanda Catalin Marinas ya shigar a 2009. Duk minti goma yakan zagaya ya nemo yankunan da aka karɓa amma babu sauran manunin da ke nuna su, ya jera su a /sys/kernel/debug/kmemleak. Wanda ba zai iya jira ba ya rubuta scan a fayil ɗin. Yakan yi zargin da ba haka ba wani lokaci, saboda haka abin da ya maimaitu yana ƙaruwa shi ake bi.

Makullai da sandarewa

Akwai cutar da ba ta zuwa da rahoton faɗuwa. Kwamfuta kawai ta tsaya, linzami ba ya motsi, fanka na juyawa.

Sau da yawa makullai ne. Kanel na amfani da su don kada ayyuka biyu su taɓa abu guda tare. Matsalar tana zuwa kamar mutum biyu a bakin rijiya, ɗaya ya riƙe guga yana jiran igiya, ɗaya ya riƙe igiya yana jiran guga, kuma babu mai sakin nasa. Aiki na farko ya kama makulli A yana neman B, na biyu ya kama B yana neman A. Abin da ya sa wannan ke da wuyar kamawa shi ne sai lokutan sun yi daidai sosai kafin ya faru. Ana iya shekara ana gwaji lafiya, ranar da kaya suka isa hannun mai saye ya auku.

Ingo Molnar ya kawo maganin a 2006, a Linux 2.6.18, da lockdep, wanda ake kunnawa da CONFIG_PROVE_LOCKING. Ba ya jiran sandarewar ta faru. Yana rubuta tsarin da aka bi wajen kama kowane irin makulli, kuma ranar da ya ga wani wuri ya kama A sannan B, wani wurin kuma ya kama B sannan A, ko da awa biyar ce tsakaninsu, sai ya buga gargaɗin possible circular locking dependency, har da zanen yadda farosesa biyu za su maƙale. Rigakafi ya fi magani, kuma a kanel babu inda hakan ya fi bayyana kamar nan. Abu guda a sani: bayan rahoton farko lockdep na kashe kansa. Shirun da ya biyo baya ba shaidar lafiya ba ce, sai an gyara na farkon an sake tashi kafin a ga na biyu.

Abokin tafiyarsa shi ne CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, mai kama kod ɗin da ya kira fankshin mai iya barci a inda barci haramun ne, kamar lokacin da ake riƙe da makullin spinlock. Sabon marubucin direba kusan ba ya tsallake wannan kuskure.

Idan kuma an riga an sandare, akwai masu gadi masu agogo. CONFIG_SOFTLOCKUP_DETECTOR na kuka idan farosesa ta yi daƙiƙa 20 a cikin kanel ba ta ba kowa dama ba. CONFIG_HARDLOCKUP_DETECTOR na kama wadda ta toshe kunnenta gaba ɗaya na kimanin daƙiƙa 10. CONFIG_DETECT_HUNG_TASK na ba da rahoton aikin da ya yi daƙiƙa 120 yana jiran abin da bai zo ba, kuma duk mai kula da saba ya san wannan saƙo, wanda galibi faifai ne ko ma'ajiyar netwok ta daina amsawa. Sai CONFIG_MAGIC_SYSRQ, wanda ke ba mutum damar tambayar kanel kai tsaye ko da komai ya tsaya: Alt da SysRq da w na jera ayyukan da suka maƙale, l na nuna abin da kowace farosesa ke yi, t na zubo duka. A na'urar da baƙi ke iya taɓawa a taƙaita shi, domin maɓallan nan har kashe kwamfuta suna yi.

Tsayar da shi a leƙa ciki

Torvalds ya daɗe yana adawa da sa manhajar bin kod layi-layi a kanel. A shekarar 2000 ya bayyana ra'ayinsa cewa irin wannan kayan na sa mutane gyara alamar cuta ba tare da sun fahimci tushenta ba. Sai a 2008, a Linux 2.6.26, KGDB ya samu shiga ta hannun Jason Wessel, KDB kuma ya biyo a 2010. Akwai gaskiya a maganarsa, amma ga mai koyo, ganin kanel a tsaye cak yana duba cikinsa darasi ne da karatu kaɗai ba ya bayarwa.

A QEMU ba a ma buƙatar KGDB. A tashe ta da -s -S: na farko ya buɗe tasha ta 1234, na biyu ya hana farosesa motsi sai an ba ta izini. A wata taga a buɗe gdb vmlinux, a rubuta target remote :1234, a sa wurin tsayawa a start_kernel da hbreak, a ce continue. Kanel zai tsaya a bakin ƙofarsa. Idan an kunna CONFIG_GDB_SCRIPTS, ana samun ƙarin umarni kamar lx-dmesg mai karanta saƙonni daga kanel ɗin da ya riga ya sandare, da lx-ps, da lx-symbols mai loda bayanan direbobi.

Abu biyu ke ɓata wa mutane rai a nan. Na farko, kanel na sauya mazauninsa a memori duk tashi saboda tsaro, don haka idan ba a sa nokaslr a layin tashi ba, wurin tsayawa ba zai taɓa kamawa ba. Na biyu, ba a gina Linux ba tare da mai harhaɗawa ya gyara kod don gudu ba, saboda haka gdb zai riƙa tsalle tsakanin layuka, wasu ƙimomin kuma ya ce an share su. Haka abin yake, ba lalacewa ba ce.

A na'ura ta zahiri, CONFIG_KGDB da kgdboc=ttyS0,115200 ke yin aikin ta wayar siriyal. A saba kuwa, inda faɗuwar ke zuwa sau ɗaya a wata da tsakar dare, kdump ake so. Ana ware memori tun farko, misali crashkernel=256M, a ajiye ƙaramin kanel na biyu a ciki. Babban ya faɗi, ƙaramin ya tashi ya kwashe hoton memorin duka ya adana, daga baya a buɗe shi da crash ko drgn. A gwada shi tun ana lafiya, ta hanyar rubuta c a /proc/sysrq-trigger a na'urar gwaji, domin kdump da ba a gwada ba sau da yawa ranar buƙata yake ƙin tashi.

Kuskuren da ke gudu idan an dube shi

Wani lokaci da an kunna kayan bincike sai matsalar ta ɓace. Ba ta warke ba. KASAN ko tarin printk sun sauya saurin abubuwa ne, tseren da ke haifar da ita ya daina faruwa. Layi guda ta wayar siriyal na ɗaukar milisakan da dama, wanda a wurin farosesa zamani ne mai tsawo. A irin wannan hali ftrace ake komawa, wanda Steven Rostedt ke kula da shi tun 2008. Yana rubutu a memori maimakon allo, kuma trace_printk na ba da damar barin saƙo kusan ba tare da jinkiri ba. Da function_graph, a /sys/kernel/tracing, ana ganin wace fankshin ta kira wace da tsawon lokacin da kowace ta ɗauka.

Saboda wannan nauyi ne masu aikin ke riƙe kanel biyu daga kod guda, na gwaji mai ɗauke da komai da na aiki mai sauƙi. Fedora da Red Hat ma haka suke yi, suna fitar da kernel-debug daban. Na aikin ba a barinsa tsirara: KALLSYMS, masu gadin sandarewa, pstore da kdump duk suna da arha. Tun Linux 5.12 a 2021 kuma akwai KFENCE, wanda aka yi musamman don na'urorin da ke bakin aiki. Ba ya duba komai da komai. Duk milisakan 100 yakan ɗauki yanki guda ya ajiye shi tsakanin shafuka masu tarko, har guda 255 a lokaci guda. A kwamfuta ɗaya zai daɗe bai kama komai ba, amma a kamfani mai dubban sabobi ko miliyoyin wayoyi, abin da ya ɓuya a nan zai faɗa tarko a can.

Idan an san tsohon kanel lafiya yake sabo ne ya lalace, kafin a shiga duk wannan a gwada git bisect. Yana raba tarihin gyare-gyare biyu, a gina a gwada, a ce masa mai kyau ne ko maras kyau, ya sake rabawa. Kowane sabon Linux na zuwa da gyara fiye da 10,000, amma gini kamar 14 ya isa a kai ga wanda ya jawo matsalar.

Da an kama shi, saura kai rahoto. A duba layin Tainted a saman saƙon: harafin P na nufin an loda direban da kod ɗinsa a rufe yake, O na nufin direban da ba na cikin kanel ba, kuma masu kula da Linux kan nemi a maimaita matsalar ba tare da su ba kafin su saurara. A tura rahoton farko da ya fito, ba na biyar ba, domin na baya yawanci ɓaraguzan na farkon ne. A haɗa da .config, da lambar kanel, da matakan da za a bi a sake ganin abin, sannan a ba scripts/get_maintainer.pl sunan fayil ɗin da laifin yake, zai fito da sunayen waɗanda ke da alhakin wannan sashe da inda ake aika musu.